Dinyar Enoch Pilling

Enoch Pilling mutum ne da ba ya son raini. Yana da ɗan shago a Oldham, a layin da ke bayan babbar masaƙa, inda yake sassaƙa takalman katako yana buga musu ƙarfe a ƙasa. Rabin 'yan matan masaƙar da takalmansa suke tada mutane daga barci idan sun fito aiki. Yana rera waƙa a coci da murya mai kauri, yana murza gashin bakinsa da kakin zuma, kuma ba ya dariya sai ya ga dalili. Matarsa Dorcas kuwa, tun daga bakin layi ake jin dariyarta. Yadda aka yi suka zauna lafiya da juna, maƙwabta sun daɗe da daina tambaya.

Gab da Kirsimeti, a shekarar da ɗansu Wilfred ya fara rarrafe, Enoch ya ci dinya a ƙuri'ar ƙungiyar ma'aikata. Fara ce fat, mai dogon wuya, ta yi agwagwa uku. Ya rungumo ta har gida yana haki, ya wasa wuƙa, ya fita da ita bayan gida. Dorcas ta ɗora ruwan figa, ta zauna tana jira. Ruwa ya tafasa har ya fara ƙonewa, babu labari. Da ta leƙa sai ta tarar da mijinta zaune a kan bokiti, wuƙa a ƙasa, dinya ta cusa kai cikin aljihun falmaran ɗinsa tana neman alewar minti.

“Maigida, yankan ne haka?”

“Wuƙar ce ba ta da kaifi.”

“Wuƙar da ka aske gashin hannunka da ita ɗazu?”

“Dorcas, ba na son yawan magana. Ki koma ciki.”

Dankali da albasa suka ci a Kirsimetin nan. Kafin sabuwar shekara dinya ta samu suna, Gimbiya, kuma ta samu wurin zama: kujerar Enoch da ke bakin murhu. Ba ta ƙaunar kowa sai shi, amma ko shi ɗin ba ta ɗaga masa ƙafa. Tana raka shi shago, tana cizon duk wanda ya zo yi masa ciniki da ɗaga murya, ranar Lahadi kuma sai an kulle ta, in ba haka ba ta bi shi coci.

A lokacin suna da ɗan haya a ɗakin sama, wani siririn saurayi mai suna Barnaby Clegg. Ɗan kama ne, yana fitowa a gidan wasan Titin Kasuwa tsakanin mai wasa da karnuka da mai haɗiye takobi. Sai dai Allah bai ba shi sa'a ba. Da ya hau dandali, mutanen kujerun sama suke fara ɓare lemo, saboda sun san inda za su jefa ɓawon. Yakan dawo gida kwat ɗinsa na ƙamshin lemo, Dorcas ta tura masa kwano, ta ce, “Ci, ɗan nan. Ko jifa ma sai da jiki ake ɗauka.”

Wata Lahadi da rana Enoch ya dawo daga coci a gajiye, ya tarar da Gimbiya ta baje a kujerarsa. Dorcas na wanke kwanuka tana ɗan rera wani tsohon kari da uwarta ke yi a wurin wanki, wanda ba shi da kalmomi. Barnaby na gefe yana shan shayi. Wataƙila don ganin idon baƙo ne, Enoch ya tsaya a tsakar ɗaki, ya bugi ƙirji.

“Tashi! Ni ne maigida a gidan nan, kowa ya sani!”

Gimbiya ta miƙe wuya, ta buɗe baki, ta yi masa huci. Enoch ya ja da baya. Ya dubi kujerar, ya dubi ɗan benci da ke jikin bango, sai ya nufi bencin yana gunaguni.

“Ni ne maigida... in Gimbiya ta yarda da ni.”

Shayi ya fito wa Barnaby ta hanci. Dorcas ta dafa bango tana dariya har hawaye, kuma da ta koma kan kwanukanta sai ta ɗora maganar mijinta a kan karin uwarta, suka zauna daram kamar dama don juna aka yi su.

Sati guda Enoch yana ganin ana yin shiru duk sanda ya shigo kicin. Bai kawo komai a ransa ba. Ranar Asabar Dorcas ta matsa masa su je kallon wasan yamma, ta ce ai ya kamata su tafa wa yaron nan ko sau ɗaya. Suka zauna a tsakiya, Enoch ya ɗora hularsa a gwiwa. Barnaby ya fito da ƙaton gashin baki na roba da falmaran, ya rungumo matashin kai fari da aka ɗinka wa wuya da safa. Mai fiyano ya buga, Barnaby ya fara:

Mista Billing ya ci dinya ranar ƙuri'a,
Ya wasa wuƙa, ya ce yau gida akwai miya.

Ya yi ƙoƙarin ɓoye sunan, a ganinsa. Daga Pilling ya mai da shi Billing. Kafin a gama baiti na biyu, kawunan da ke gaba duk sun juyo baya. Da aka zo amshi, mutanen sama suka ajiye lemonsu suka karɓa, suna buga takalman katako a ƙasa, takalman da Enoch ya yi da hannunsa. Sai ga baitin da ya ce dinya ta yi ƙwai a hular Lahadi, Mista Billing ya kifa ta a kai ya shiga coci gwaiduwa na bin kunnensa. A nan Enoch ya miƙe, ya sa hularsa, ya fita.

A gida ya jira su.

“Ƙwan nan na gan shi kafin in sa hular. Kin san na gan shi.”

“Na sani, maigida. Amma ai da ba ka gan shi ba ya fi daɗi.”

“Au, ke kika yi wannan baitin?”

“Ɗan gyara na yi masa.”

Barnaby ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hannu. “Mista Pilling, don girman Allah ka yi haƙuri. Ban taɓa jin an tafa mini ba sai yau. In ka ce in daina, na daina.”

Enoch ya dube shi. Ya ga kwat ɗin a bushe karo na farko, ya ga idon yaron na ƙyalli. Abin da ya iya cewa kawai shi ne, “Ban san wata waƙa ba. Ni ba Billing ba ne.” Ya haye sama.

A kan wannan maganar ya tsaya shekara da shekaru. 'Yan matan masaƙa su kawo takalmi gyara, su tambaye shi da ladabi ko Gimbiya ta yarda a karɓa ranar Juma'a. Direbobin taragon cikin gari suka ƙara nasu baitin, wanda dinya ta hau bagade ta yi wa'azi. Yara kan bi shi a baya suna tafiyar agwagwa. Shi kuwa ya murza gashin baki ya wuce. Ciniki dai ya ƙaru, don har daga wasu unguwanni ake zuwa a ga dinyar, amma wannan ma bai taɓa yarda da alaƙarsa da waƙar ba.

Barnaby ya tafi Landan kafin shekara ta zagayo. Waƙar ta kai shi manyan gidajen wasa, ya yi ƙiba, ya sayi kwat mai gashi a wuya. Duk Kirsimeti sai ya aiko musu da cinyar nama da gwangwanin minti. Dorcas ta dafa naman, Enoch ya ci bai ce daga ina ba, mintin kuma ya zuba a aljihun falmaran.

Gimbiya ta yi tsawon rai irin na dinyoyi. Ta tsufa har ba ta iya hawa kujera sai Enoch ya ɗora ta. Ta mutu a shekarar da aka fara babban yaƙi, bayan Wilfred ya tafi soja da 'yan makonni. Enoch ya naɗe ta a tsohon falmaran ɗinsa, ya binne ta a gindin tuffar da ke bayan gida, ya rufe shago ranar. Wanda ya tambaya, ya ce masa mura ce.

Da Wilfred ya dawo, da ɗingishi amma da ransa, ya ba su labari a bakin murhu. “Baba, waƙar nan har cikin ramukan yaƙi. Kowace runduna da nata baitocin, wasu ba zan iya faɗa a gaban Mama ba. Wani ɗan Sukotlan ya rantse mini kawunsa ne ya yi ta a kan dinyar wani mahauci. Sai da aka raba mu.”

“Wa ya aike ka faɗa a kan waƙar banza?” in ji Enoch. Amma ya tura masa sauran naman da ke kwanonsa.

Shekaru suka ja. Barnaby ya rasu a Landan. Gidajen wasa suka fara komawa silima ɗaya bayan ɗaya, mutane suka koma sauraron rediyo, matasa suka daina sa takalmin katako. Enoch ya haura saba'in, gashin bakin ya yi fari. Sai ga jarida ta tada maganar tsofaffin waƙoƙin barkwanci, aka shiga muhawara a kan wa ya yi waƙar dinya. Wani ya ce daga Ireland ta fito tun zamanin kakanni. Wani ya ce ta matuƙan jirgin ruwa ce. Mafi yawa dai suka tsaya a kan wani Septimus Gale na Landan, tunda sunansa ne a jikin takardar waƙar da ake sayarwa a shagunan kayan kiɗa.

Enoch ya karanta, ya ninke jaridar, ya sake buɗewa.

“Ireland! Yaushe Gimbiya ta je Ireland?”

Dorcas ta ɗago kai daga saƙarta. “Wace Gimbiya? Ai na ɗauka ba ka san wata waƙa ba.”

“Waƙa daban, dinya daban. Dinyata ce.”

“To Mista Billing.”

“Dorcas, ki kiyaye ni.”

Ba a jima ba aka ji masu rediyo za su zo gidan wasan Titin Kasuwa wata Asabar da rana, su yi taron tsofaffin waƙoƙi kafin a mai da gidan silima, kuma Septimus Gale da kansa zai buga fiyano. Enoch bai yi shawara da kowa ba. Ya goge takalmi, ya murza gashin baki, ya ce wa Dorcas ta ɗauko mayafinta.

Gidan ya cika da tsofaffi da jikokinsu. Aka yi waƙoƙi iri-iri, sannan mai gabatarwa ya kira waƙar dinya. Wani matashi ya fito da gashin bakin roba. A gaban fiyano kuma ga wani ɗan tsoho ƙanƙani, hannun rigarsa ya koɗe, yana murmushi kamar mai jin kunyar mutane. Enoch ya daure baiti na farko, ya daure na hula, ya daure na wa'azi. Dorcas na ta kallonsa ta gefen ido. Sai matashin ya shiga wani baiti da ba su taɓa ji ba, inda Misis Billing ta gaji, ta yanka dinyar, aka cinye ta da miyar tuffa, Mista Billing na kuka yana neman ƙari.

“Ƙarya ne!”

Fiyano ya tsaya. Enoch na tsaye, sandarsa a sama.

“Ba a ci ta ba! Babu wanda ya ci ta! Tsufa ta yi ta mutu a kujerata, ni na binne ta da hannuna!”

Wata tsohuwa daga kujerun sama ta ƙwala ihu, “Ai Enoch Pilling ne! Mai dinyar ne da kansa!” Nan take gida ya ɗauki tafi da buga ƙafa. Mai gabatarwa, wanda ya san abin da ke sa mutane su manne wa rediyo, ya sauko da kansa ya riƙo hannun Enoch har kan dandali, ya tsayar da shi gaban makirfo.

“Baba, ga ƙasa duka tana jin ka. Wa ya yi waƙar nan?”

Enoch ya dubi taron, sai ya ji fushin ya zube ya bar shi da kunya. Ya yi gyaran murya. “Karin dai na surukata ne, da shi take wanki. Yawancin baitocin Barnaby Clegg ne ya yi su a kicin ɗina, yana cin dankalina. Na hula, waccan matar ce da ke zaune tana dariya, kuma ba haka aka yi ba. Na wa'azi direbobin tarago ne. Na yankan kuwa ban san wane mara tausayi ba ne.”

Ɗan tsohon da ke gaban fiyano ya ɗaga hannu a hankali. “Ni ne, Mista Pilling. Mutanen Landan ba sa tashi sai an gama musu labari. Ni na yi wa Barnaby kiɗa har ƙarshen ransa, ni na rubuta karin yadda makaɗa za su iya bugawa, shi ya sa suka buga sunana. Ban taɓa sanin dinyar gaske ce ba. Barnaby ya sha faɗa mini, na ɗauka cikin wasansa ne.”

“To amshin fa?” in ji mai gabatarwa. “Shi ne ran waƙar. Na wane ne?”

Enoch ya sunkuyar da kai yana kallon takalmansa.

“Faɗa musu mana, maigida!” Dorcas ta ɗaga murya daga wurin zamanta. “Ko sai an nemo maka izini?”

Dariya ta tashi. Enoch ya gyara tsayuwa, ya ce shi bai yi waƙa ba, magana ya yi a cikin gidansa, kuma da gaske yake lokacin da ya yi ta. Aka ce to ya maimaita. Bai rera ba. Faɗa ya yi da muryarsa mai kauri, ya bugi ƙirji a rabin farko, ya sassauta a rabi na biyu kamar yadda ya yi ranar. Matashin mai gashin bakin roba ya zauna a ƙasa don dariya. Gale ya kama karin a fiyano, gidan duka ya amsa, har injiniyan rediyo ya cire abin kunnensa.

Bayan taro aka ba su shayi a bayan dandali. Gale ya zauna kusa da Enoch, ya riƙe kofi da hannu biyu. Ya ce Barnaby a ciwonsa na ƙarshe ba ya maganar manyan gidajen wasa, sai ɗakin sama na Oldham da girkin Misis Pilling, yana kuma cewa akwai mutumin da ya ba shi abinci na duk rayuwa bai taɓa yarda a gode masa ba. Enoch ya daɗe yana juya cokali a kofi.

“Yaron kirki ne,” ya ce. “Waƙa ce dai bai iya ba, sai da aka taimaka masa.”

“In kana so in je a cire sunana, zan je.”

Enoch ya dubi koɗaɗɗen hannun rigar tsohon. “Bar sunanka inda yake. Ka yi masa hidima, ni ban yi ba. Baitin yankan dai nake so ka cire.”

Gale ya yi alkawari, kuma ya cika, bai ƙara buga shi ba. Sai dai waƙa ta riga ta fita hannun kowa. A kudu, wajen Landan, har yau da baitin suke rufewa. A Oldham kuwa, duk wanda ya fara shi a mashaya ko a wurin biki, tsofaffi ke buga tebur su hana shi ƙarasawa.

Da suka fito ana yayyafi. Suka hau taragon gida, suka samu wuri a baya. Enoch ya jingina sandarsa, ya juyo wajen Dorcas.

“Kin san ban taɓa jin ta daga farko har ƙarshe ba?”

“Yau ma ai kai ka katse ta.”

“To yi mini ita. A hankali, kada mutane su ji.”

Dorcas ba ta taɓa yin komai a hankali ba. Kafin ta kai baiti na uku kwandasta ya karɓa, wasu mata biyu masu kwandunan cefane suka shigo ciki, wani ɗan sanda ya kawo baitin da ya ce a barikinsu ake yi, Enoch ya ce masa wannan ba ya cikin asali. Suna cikin gardamar tarago ya wuce layinsu, bai tsaya ba sai a ƙarshen hanya, can wajen maƙabarta. Haka suka tako da ƙafa cikin ruwa, ita tana riƙe da hannunsa saboda gwiwarsa, shi yana cewa laifinta ne, ita tana cewa na ɗan sandan ne. Sun isa gida a jiƙe sharkaf, suka tarar da Wilfred da matarsa da maƙwabta cike da kicin, duk sun ji a rediyo, an riga an ɗora tukunyar shayi.